Dattijon da Ya Kai Kansa Bencin Baya

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Dattijo Istifanus. Har yau in na haɗu da tsofaffin 'yan majami'armu ta Unguwar Dosa a wurin biki ko jana'iza, bayan an gama gaisawa an tambayi jikoki, sai wani ya rage murya ya ce, "Wai Rifkatu, me Babanku ya yi ne a lokacin nan?" Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin waɗanda abin ya shafa sun kwanta dama, ni ma furfura ta gama cin kaina, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Saboda masu karatu da ba su san tsarinmu ba, da kuma yaran yanzu da ba su tarar ba, bari in fara da bayanin horo. A majami'unmu na da, idan ɗan ikkilisiya ya yi laifin da ya fito fili, zina ko shan giya ko sata ko dambe a bainar jama'a, dattawa za su zauna a kansa, ranar Lahadi kuma a karanta sunansa a gaban kowa. Daga ranar ba zai yi waƙa cikin mawaƙa ba, ba zai ja addu'a ba, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Almasihu. Sannan akwai benci guda can baya, dab da ƙofa. Nan ne wurin zamansa har wa'adinsa ya cika a kira shi ya dawo. Ko majami'a ta cika maƙil, mutane na tsaye ta taga, ba mai zama a bencin nan. Baƙo in ya yi kuskure ya nufe shi, da sauri ake tare shi a nuna masa wani wuri.

Baba shi ne magatakardan dattawa, don haka shi ne mai karanta sunayen. Ma'aikacin gwamnati ne, a sashen da ke duba ma'auni yake, kuma 'yan Babbar Kasuwa sun san ƙarar besfarsa. Da sun hango shi, mudun da aka buga wa gindi sai ya ɓace ƙarƙashin buhu. Bai taɓa karɓar ko goro a hannun ɗan kasuwa ba. Maƙwabcinmu Alhaji Sani, wanda shi ma ma'aikaci ne, yakan tsokane shi ya ce in Istifanus ya shiga wuta to mu duka an gama da mu. Baba ba ya dariya da wannan magana, don ba ya wasa da zancen wuta. A gida ma haka yake. Ba ya duka, ba ya ɗaga murya, amma in ya dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifin da ka yi makon jiya. Mutane suna ganin girmansa ƙwarai. Ban tabbata akwai wanda yake ɗokin zuwansa ba.

Wanda ake ɗokin zuwansa shi ne Malam Yakubu, shugaban mawaƙa. Ƙauyensu ɗaya da Baba a ƙasar Zazzau, makarantarsu ɗaya, tare suka zo Kaduna neman aiki, shi ya zama malamin sakandare. Mutum ne mai fara'a da ban dariya, in ya shigo gida yara sun dinga rataya a jikinsa ke nan, in ya ɗaga murya a majami'a har masu wucewa a titi sukan rage tafiya. Baba Yakubu muke kiransa. Da matarsa ta rasu a wajen haihuwa, sai ya fara sha. Da farko a ɓoye, daga baya aka gan shi ƙiri-ƙiri yana fitowa daga gidan burkutu da rana tsaka yana tangaɗi. Dattawa suka zauna, babu wata gardama, shi ma bai musa ba. Ranar Lahadi Baba ya miƙe ya karanta sunansa da murya a tsaye, ko gezau. Baba Yakubu ya sauko daga wurin mawaƙa, ya bi tsakiyar majami'a kansa a sunkuye, ya je ya zauna a baya. Wannan ya faru ne wajajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina aikin buga takardu a wani ofishi, ban daɗe da aure ba.

Lahadin da ta biyo baya ranar Jibi ce. Muka shiga majami'a, Mama ta wuce wurin zumuntar mata, ni na zauna a layinmu. Sai na ji wani irin shiru ya taso daga baya yana tahowa gaba. Na waiga. Baba ne, da babbar rigarsa da tabarau, zaune a bencin horo. Wani saurayi mai shirya wurin zama ya je ya durƙusa yana yi masa raɗa, a zatonsa jiri ne ya kwashi Dattijo. Baba ya ɗaga masa hannu ya sallame shi. Aka zagaya da gurasa da ƙoƙo, bai karɓa ba.

To, mu mun san abu ɗaya ne game da bencin nan: ba a zama a kai sai da dalili, dalilan kuma sanannu ne. Baba ba ya sha, wannan kowa ya shaida. Ba ya sata. Dambe kuwa, ko kaza bai taɓa bi da gudu ba. Saura ɗaya ke nan. Kafin a tashi daga sujada an gama lissafi, kafin Laraba kuma an fara neman matar. Duk gwauruwar da ta taɓa gaishe shi da fara'a, duk budurwar da ya taɓa rage wa hanya a besfa, sai da aka juya sunanta a baki. Mutanenmu masu kirki ne, amma in aka zo wajen tsegumi da sunan "a sa shi cikin addu'a", ban ga wanda ya kai mu ba. Zancen har ya tsallaka katanga. Hajiya Binta, matar Alhaji Sani, ta shigo da kwanon dambu ta zauna ta yi ta ba Mama haƙuri a kan halin maza, Mama tana godiya, ba ta ma san haƙurin me ake ba ta ba.

Sai da dattawa suka kira shi zama sannan ya faɗi abin da ke ciki, a ranar kuma ya dawo ya gaya wa Mama, ita ta gaya mini. Ya ce tun suna yara yake jin haushin Yakubu, yana hana kansa sani. Shi ne mai kiyaye doka, Yakubu ne ake so. Ya ce ranar da ya miƙe yana karanta sunan, da ya zo kan "Yakubu", sai ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, kamar mai ƙishi ya sami ruwan randa. Daɗi ya ji. Hukuncin daidai ne, kalmomin daidai ne, bai ƙara ba bai rage ba, amma ya ji daɗin faɗuwar ɗan'uwansa yana tsaye a gaban bagade, wuri mafi tsarki a majami'a. Ya ce mutumin da ya ji wannan daɗi bai isa ya miƙa hannu ya karɓi jikin Ubangiji ba.

An ce dattawa ajiyar zuciya suka yi, wani har ya yi dariya. Su sun zo ne da shirin jin sunan mace. Suka ce Dattijo, wannan ai tsakaninka da Allah ne, ka roƙi gafara ka koma wurinka. Ya ce ya roƙa, abin bai tafi ba. Ya nemi a sa shi a horo bisa ƙa'ida, a yanka masa wa'adi. Nan aka tsaya cirko-cirko. Dokokin ikkilisiya, waɗanda shi da kansa ya fi kowa sani, ba su da wannan laifi. Babu wa'adin jin daɗi. Ba su kuma iya sanar da jama'a ba, don yin haka sake tona asirin Yakubu ne a karo na biyu. Fasto na lokacin, tsoho ne mai sanyin hali, ya gaya masa cewa tunda ba su suka sa shi ba, ba su da hanyar cire shi. Haka aka tashi, jama'a kuma suka ci gaba da riƙe abin da suka riga suka riƙe.

Na je gida na same shi yana goge besfa. Ni ce 'yar da ta gaji bakin kakarta, ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Baba, kai ne kake zaune a bencin, amma Mama ce take shan horon." Ya daɗe yana goge wurin da ya riga ya goge. Daga baya ya ce ya sani, wannan ma yana cikin abin da zai amsa. Ban gamsu ba a ranar, kuma in faɗi gaskiya har yau ban gamsu ba. Mama ta yi shekaru ana yi mata sannu irin ta masu jinya. Ta daina zuwa fita wa'azi da zumuntar mata, ta daina ɗaura ankon da ta fi kowa iya ɗaurawa. Ban da ni, ba ta taɓa faɗa wa kowa gaskiyar ba, don ya roƙe ta kada ta faɗa. Mutum yana iya tsoron Allah ƙwarai ya kuma zalunci matarsa da wannan tsoron, na gani da idona.

Amma akwai wanda abin ya fi ƙona wa rai, shi ne Baba Yakubu. Da farko ya ɗauka gadinsa aka zo yi, a shaƙi bakinsa a ji ko ya sha. Yakan matsa can ƙarshen benci, har rabin jikinsa na lilo. Da Baba ya same shi a gidansa na Kawo ya gaya masa komai, Baba Yakubu bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Shi da kansa ya ba ni labarin bayan shekaru, yana dariya. Ya ce ya dubi Baba ya ce:

"Istifanus, kai ko a wajen tuba ma sai ka fi kowa? Ni kawo ni aka yi, ina zaune ina jiran a kira ni. Kai kai ne ɗan sanda, kai ne alƙali, kai ne fursuna. To wa zai kira ka?"

Na yi zaton wannan magana za ta tashe shi. Ƙara zaunar da shi ta yi, don ya ga gaskiya ce. In ya tashi ya koma gaba, ga abin nan a zuciyarsa bai fita ba. In ya ci gaba da zama, zaman ma girman kai ne. Ya yi azumi har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya shiga yi wa Baba Yakubu hidima, yana zuwa Kawo da sassafe ranar Lahadi ya ɗauko shi a besfa, in an ce an gan shi a wurin sha ya je ya janyo shi ya kai shi gida ya wanke masa fuska. Wata rana na ce masa ai ko wannan ya isa shaida cewa zuciyarsa ta gyaru. Ya girgiza kai. Ya ce duk lokacin da ya goya Yakubu, akwai wata 'yar murya da ke ce masa, ka gani, kai ne mai ɗauka, shi ne abin ɗauka. Ya ce yana son alheri da gaske, Allah ya sani, amma duk alherin da ya yi sai ya tarar da mai wannan muryar ya riga shi zuwa wurin.

Wa'adin Baba Yakubu ya cika, aka kira shi, ya koma cikin mawaƙa, mata suka yi guɗa. Bai shekara ba ya sake faɗuwa, ya dawo baya. Wani ne ya karanta sunan wannan karon, don Baba ya riga ya ajiye aikin. Na tambaye shi me ya ji. Da ma ban tambaya ba, don Baba ba ya iya ƙarya. Ya ce ya yi baƙin ciki sosai, har ya yi kuka, amma can ƙasan kukan sanyin nan ya sake zuwa. Bai kai na da ba, amma ya zo. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ɗaya yana tafiya gaba yana dawowa, ɗaya yana zaune. Yaran da aka haifa a lokacin sun taso sun ɗauka nan ne wurin Dattijo Istifanus tun asali. A hankali su biyun suka koma raba littafin waƙa ɗaya, Baba Yakubu yana rerawa a ƙasa-ƙasa tunda an hana shi ɗagawa, Baba yana bi da muryarsa da ba ta taɓa hawa daidai ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Bencin dai babu shi. Majami'ar da nake zuwa yanzu, a ƙetaren kogi inda yawancinmu muka koma, kujerun roba ne, kowa ya zauna inda ya ga dama, matasa ma rububin na baya suke yi don su sami damar latsa waya. Ba na cewa a dawo da benci. Na ga matan da ya karya, na ga kuma manyan da ya kamata su zauna a kai ba su taɓa zama ba. Sai dai abin da ya kai Baba baya, shi ya zama abincinmu na kullum. Da wani fasto ko malami ko ɗan siyasa ya yi abin kunya, kan ka ce kwabo hotonsa ya zaga wayoyi. Mu tura wa juna, mu rubuta "Allah ya kyauta" a ƙasa, mu sa hoton hannu biyu a haɗe. Ranar Lahadi kuma mu miƙa hannun nan mu karɓi gurasa, ba abin da ya dame mu. Ina jin da Baba yana nan ba zai yi wa'azi a kai ba. Zai karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya duba, ya miƙo maka, ya tambaye ka me ka ji lokacin da kake turawa. Jikokina da sun tsani zuwa gidansa.

Wani lokaci kuma ina ganin da zai sami sauƙi a yau. Yanzu ana wa'azin alheri fiye da da. A zamaninsu an koya musu doka da kyau, suka riƙe ta hannu bibbiyu, ta kuwa yi musu amfani, ta raba su da abubuwa da yawa. Amma doka ta nuna wa Baba ciwonsa sarai, ta tsaya nan. Ya san da bakinsa cewa ceto kyauta ne, ya koyar da haka a makarantar Lahadi tun ban iya karatu ba. Karɓar kyautar ce ta gagare shi. Mutum ne da bai taɓa cin abin da bai biya ba.

Cikin shekarun casa'in, bayan ya yi ritaya, hawan jini ya buge shi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, na hagun ma rawa yake yi. Maganarsa ta koma a hankali, sai ka kasa kunne. Zuwa majami'a ya ƙare, gaba da baya duka. A al'adarmu, ranar Jibi in an tashi sujada, fasto da dattawa sukan kai wa marasa lafiya nasu har gida. Sabon fasto ne a lokacin, matashi, ya tambaya ko akwai abin da ya hana a kai wa Dattijo Istifanus. Aka ce a hukumance babu. Sau da yawa sun zo, Baba yakan karɓi addu'a, in an zo kan gurasa sai ya juyar da fuska bango. Mama takan fita ta shiga kicin. Abin da ke cin ranta ke nan, ba tsegumin mutane ba, wannan ta daɗe da sabawa. Tsoronta kada mijinta ya mutu yana juya wa teburin Ubangiji baya.

Wata Lahadi da la'asar suka zo, Baba Yakubu yana biye da su riƙe da kwandon. Lokacin an sake dawo da shi cikin mawaƙa, ya tsufa. Ina ɗakin, ina zaune a bakin gado. Fasto ya yi karatu ya yi addu'a, ya ɗauko gurasa. Baba ya fara juyar da kai kamar kullum. Sai Baba Yakubu ya nemi izinin fasto da ido, ya karɓi gurasar ya tsoma a ƙoƙon don ta yi laushi, ya zagaya ta ɓangaren bangon ya durƙusa, ya zama duk inda Baba ya juya shi zai gani.

Baba ya motsa baki, da ƙyar maganar ta fito.

"Yakubu, abin fa bai fita ba."

"Nawa ma bai fita ba," in ji Baba Yakubu. "Jiya ma sai da na tsaya a ƙofar gidan burkutun na daɗe kafin na wuce. Buɗe bakinka."

Baba ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun hagu ya karɓa da kansa. Hannun ya taso kaɗan, ya yi rawa, ya koma kan zane. Ya sake gwadawa, bai taso ba. Na miƙa hannu zan taimaka, Mama da ke tsaye a bakin ƙofa ta girgiza mini kai. Sai ya rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa yana shiga kunne, ya buɗe baki kamar yaron da ake ba wa kunu. Baba Yakubu ya sa masa.

Bai kai damina ta gaba ba ya rasu. A wurin jana'iza an yi ta yabon gaskiyarsa, 'yan kasuwa Musulmi sun zo da yawa, Alhaji Sani ya yi kuka kamar ɗan'uwansa ne. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma in na auna abin da ya rage mini na mahaifina, ba wannan ne ya fi nauyi ba. Mutane masu gaskiya na san su da dama, wasunsu ba a iya zama da su. Ba zan kuma iya ce muku ya ci nasarar yaƙin da ya yi da zuciyarsa ba, shi da bakinsa ya ce abin bai fita ba, ni kuma ba zan yi masa ƙarya bayan ransa ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da ya ƙi karɓar goro a hannun kowa tsawon rayuwarsa, ya karɓi abinci a baki daga hannun wanda ya fi rainawa a duniya, bai gyaru ba tukuna, bai biya komai ba.

Masu tambayata me Babanmu ya yi, ga amsarku. Babu wata mace. Mama ta rasu ba ta ji an wanke ta a gaban jama'a ba, wannan kuwa yana ci mini rai har gobe. Amma ranar nan da la'asar, da baƙi suka tafi, na shiga kicin na tarar da ita zaune a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zane. Na ɗauka kuka take yi, na dafa ta. Ta ɗago ta ce, "Rifkatu, ya ci."